Shekarar da Aka Auna Iskar Ɗakina

Wannan abu ya faru ne a shekarar da aka datse layin waya a ƙasarmu, aka hana cin kasuwar shanu, aka hana sayar da fetur a jarka. Shekara guda ke nan bayan cutar nan da ta sa aka kulle masallatan Juma'a, damina uku bayan rasuwar babanku. Gero ya shigo gida, dawa kuwa tana tsaye ba a yanke ba, don a shekarar nan mutum bai isa ya tafi gonarshi ta nesa ba sai ya yi sallama da iyalinshi. Na sa a rubuta maku shi ne saboda abin da nake ji yana fita daga bakin jikoki wurin biki da suna, wai Inna ta rikita wa malamar jami'a kwamfuta, wai tsufa ne ya ruɗe ta. Ni Kande ban taɓa zama a aji ba, amma ban taɓa ɗaga hannu na yi abu ban san dalilinshi ba. Ku ji yadda aka yi, sannan kowa ya faɗi abin da ya ga dama.

Ɗakin nan da kuka sani, babanku ne ya gina shi da hannunshi, da ƙasar gindin dutsen da ke bayan gida, shekarar da ya ɗauko ni daga gidanmu a dajin Sabuwa ya kawo ni nan gefen 'Yargoje. Mu Maguzawa ne a can, a nan na koyi salla. A gidan ubana kowace matar aure tana da rami a ƙarƙashin gadonta, kuma da wannan sharaɗi na tare. Babanku ya haƙa mani shi zurfin ƙugu, ya yaɓe shi, ya rufe bakin da falalen dutse mai faɗin faifai biyu, aka shimfiɗa buzu a kai, aka ɗora gado. A ciki nake ajiye irin gero da na dawa da na wake, da murjanin uwata, da zannuwan da ba a ɗaurawa sai da dalili. Ƙa'idar ramin guda ce: daga mai ɗaki sai mijinta. Ba a gaya wa ɗa, don ɗa yana da abokai. Ba a gaya wa ɗiya, don ɗiya gidan wani za ta. Sai mace ta ji mutuwa ta matso take kiran surukar da ta yarda da ita ta nuna mata. Shekaru suka yi ta wucewa ramin bai yi wani aiki ba sai tsare iri daga gara da hannun yara, har lokacin mutanen daji ya zo. Sau biyu suna shiga gidan nan kafin shekarar da nake ba ku labari. Suka kwashe rumbu, suka kore awaki, suka zazzage ɗakina har da yage katifa, ba su sami komai ba. Irin da gidan nan ya shuka bayan kowace shigar daga ramin ya fito. Na ce maku 'yan'uwana ne suka aiko daga Sabuwa, kuka yarda.

Babanku tari ne ya kashe shi. Ya yi shekaru yana haƙar farar ƙasa a ramukan Ƙanƙara kafin ya dawo noma, kuma tun da ya rasu babban yayanku Ɗanlami bai sami kwanciyar hankali ba. Yana sayar da taki a cikin Ƙanƙara, ya gina gidan bulo, kullum maganarshi in koma can. To, sai ya ji labarin wata Malama Hajara, 'yar garin Mairuwa ce, tana koyarwa a jami'a, tana bi gida-gida a garuruwan gindin duwatsu tana auna iskar ɗakuna. Ya san mijinta, ya roƙa a sa ɗakina a ciki. Ta zo da hantsi, doguwa ce ba ta da jiki, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, na ga an yi mata tarbiyya.

Ta ce, "Inna, akwai wata iska da ke fitowa daga ƙasa, musamman inda ake da dutse. Radon ake ce mata. Ba a ganin ta, ba ta wari. In ɗaki a rufe yake sai ta taru, in mutum ya yi shekara da shekaru yana shaƙa tana iya taɓa mashi huhu."

Na ce, "Ɗiyata, a ɗakin nan na haifi tara, kuma har yau in na yi kira daga nan ana ji a bakin rijiya."

Ta yi dariya ta ce, "Allah ya ƙara lafiya. A dai bari mu auna."

Na'urar ba ta fi ƙaramar rediyo ba. Ta ɗora ta bisa adakata, ta danna, sai ga wata 'yar wuta koriya tana ƙyaftawa. Ta juya wurin Ɗanlami ta ce kada a taɓa, kada a gusar, za ta dawo ta kwashe abin da ta tara a kwamfuta. Shi kuma ya ce ai Inna ba ta barin ko kaza ta shiga ɗakin. Suka gama maganarsu a kaina suka fita.

Da magariba ta yi na shiga na ga wutar nan tana haska bango. Ku da kuka zauna nan a lokacin kun san abin da ake ciki. Mutanen daji sun tsani duk wani abu mai kama da na'urar sadarwa, tunda aka datse waya suka ɗauka kowa na kai rahotonsu, kuma mun ji abin da suka yi wa wani a ƙauyen gaba da aka samu da 'yar rediyon magana. In sun shigo sun ga abu na ƙyafta ido a ɗakin tsohuwa, wa zai tsaya yi masu bayanin huhu? Ga shi kuma amanar mutane ce, an ce ta fi shanun huɗa tsada. Na yi tunani na ce iskar ɗakina ake so, ramin kuwa cikin ɗakina yake. Na tura ƙofa, na ja gado, na ɗaga dutse, na zaunar da ita bisa tulun iri, na rufe. Da na idar da asuba na fito da ita na mayar bisa adaka, daidai inda ƙafafunta suka yi shaida. Haka na riƙa yi kullum.

Ranar da Malama ta dawo, Lantana matar ƙanenku Musa ta shimfiɗa mata tabarma a inuwar ɗakin, ta buɗe kwamfuta, ta haɗa ta da na'urar da wata 'yar igiya. Ta ce a cikin kwamfutar akwai manhaja, ita ce mai jin yaren na'urar, ita ke karɓar awon ta zana shi. Manhajar ta ce ba ta ga kowa ba. Ta zare igiyar ta soke a wata kafa. Ba ta gani ba. Ta kashe kwamfutar ta kunna, ta kashe na'urar ta kunna, ta hura bakin igiyar.

Lantana ta ce, "Malama, ko gaba suke yi? Ga ta a gabanta ta ce ba ta gan ta ba."

Malama ta ce, "Wallahi kamar kin sani. Jiya lafiya lau suka rabu."

Sai da ta zazzage jakarta ta sami wata igiyar sannan manhajar ta amsa. Zane ya fito kamar jerin duwatsu, ƙasa-ƙasa sannan ya miƙe tsaye ya yi ja, ya sauko, ya sake miƙewa. Malama ta ƙura wa zanen ido. Ta ce ba zai yiwu ba. Na farko, manhajar ta ce an yi awon nan ne a wata shekara can baya, tun kafin a ƙera na'urar ma. Na biyu, ta nuna iskar na taruwa da tsakar rana, lokacin da ƙofa ke buɗe, alhali da dare ya kamata. Na uku, tsayin jan nan bai yi kama da na ɗakin kwana ba.

Ta ce, "Irin wannan sai a cikin rami."

Ina zaune ina tsince wake. Ban ɗaga kai ba.

Ta ɗora laifin a kan manhajar, ta ce tsohuwa ce, akwai sabuwa, sai dai ba a samun ta sai da sabis, sabis kuwa sai an tafi wajen Zariya. Ta bar na'urar ta tafi. Ta dawo da sabuwar, ta goge tsohuwar, ta sa. Zanen bai sake ba. Ta tafi ta dawo da kwamfutar wani abokin aikinta, nan ma haka. Ta tambayi Ɗanlami ko ana taɓa na'urar, ya rantse mata ba a taɓawa, ya juyo ya ce ko Inna, na ce da shi kullum a inda aka ajiye ta yake samun ta, kuma gaskiya na faɗa. Hanyar da take bi a lokacin ba hanya ba ce ta wasa, in mota ta taso sai an tsaya an tambayi masu zuwa ko gaba lafiya. Wannan kaɗai ne ya tsaya mani a rai. Amma a gefe guda ga irin gidan nan, ga abin da zai ciyar da ku in an sake kwashe rumbu. Na auna, na yi shiru.

A zuwa na gaba ta zo da fara'a. Ta ce ta sami masu ƙera na'urar sun ba ta amsa: akwai wani ɗan batir a cikinta mai riƙe agogo, ya mutu, shi ya sa ta manta rana da wata, take mayar da dare rana. Ta kwance bayanta ta sa sabo, ta daidaita agogon da na kwamfuta. Don ta cire shakka kuma ta zo da na'ura ta biyu da ta aro, ta jera su bisa adaka, ta ce in sun faɗi magana ɗaya to magana ta ƙare. Da magariba na dube su, wuta biyu na ƙyaftawa. Na sa su duka biyun a ramin, suka kwana tare.

Suka kuwa faɗi magana ɗaya. Manhajar ta gyaru sarai, kwanan wata daidai, jan ya tashi daga magariba ya sauka da asuba, yadda littafinsu ya ce. Gyaran da ta sha wahala a kanshi shi ne ya yanke wa ɗakina hukunci. Ta kira Ɗanlami gefe, amma ina jin su.

Ta ce, "Alhaji, na yi zaton kayan aikina ne. Ba su ba ne. Bai kamata kowa ya ƙara kwana a ɗakin nan ba."

Ɗanlami ya zo ya tsuguna a gabana, idonshi ya yi ja. Ya ce, "Inna, na rasa Baba, ba zan zuba ido ba. Ranar Asabar zan zo da mota. Kwanon rufin ma cire shi za a yi, kada wani ya ce zai shiga."

Na ce, "Ɗakin ubanka za ka tone?"

Ya ce, "Ɗakin da ya kashe shi."

Ba wanda ya tabbatar mashi da haka, Malama ma ta ce ba ta isa ta faɗa ba, mutumin da ya sha ƙurar ramukan farar ƙasa. Amma ya riga ya ɗauka. Tun daga ranar Lantana ta hana yara tsallaka dokin ƙofata. Sukan tsaya daga waje su miƙo mani kwanon tuwo kamar mai cutar da ake gudu. Na san gidan bulon Ƙanƙara, na kwana a cikinshi, ɗaki ne da aka yi wa baƙo, tagarshi na kallon bangon maƙwabci. Wadda ta shiga can ta zama abin ajiya.

Ana jibi za a zo da mota sai ga Malama da safe, ita kaɗai, ta ce ta zo ɗaukar kayanta. Ta shigo ɗakin duk da abin da ta faɗa a kanshi, ta zauna bakin gado, ta buɗe kwamfutar a cinyarta.

Ta ce, "Inna, wani abu ya hana ni sakewa. Na'urar nan ba iska kaɗai take aunawa ba, tana auna zafi da laima. Na koma na duba su. Kullum da magariba laima sai ta yi tsalle lokaci guda, zafin kuma ya tsaya cik ba ya motsi har asuba. Ɗaki ba ya haka. Ɗaki a hankali yake hucewa. Wannan kamar an ɗauke ta an sa cikin tulu an rufe."

Na ce, "Manhajar ce ta faɗa maki?"

Ta ce, "Ita ta nuna mani. Amma ba ta san tulun ba. Na tambayi Alhaji, na tambayi masu ƙerawa, na tambayi kowa. Ke ce ban tambaya ba, kuma ke ce mai ɗakin."

Na dube ta. Na ce, "In na nuna maki abu, zai tsaya tsakaninmu?"

Ta ce, "Ba zan yi maki alkawarin da ban san girmanshi ba."

Da ta ce e da sauri, da ban nuna mata ba. Na ce ta tashi ta tura ƙofa, ta kama mani gadon. Na yaye buzu na ɗaga dutsen. Ta leƙa, ta ga tuluna, ta ga gurbin da na'urorinta suka yi a bisa murfin tulun gero. Ta zauna daɓas a ƙasa. Ta fara dariya, dariyar ta juye, ta sa gefen mayafi ta goge ido. Ta ce sau nawa ta bi hanyar nan tana salati saboda ramin nan. Na ce na sani, kuma na yi mata addu'a a kowace tafiya. Na faɗa mata dalilin wutar, ta ce da na gaya mata tun farko da ɗan baƙin salatif ya raba gardama. Na ce da ta tambaye ni tun farko.

Sannan ta faɗi abin da ban so ji ba. Ta ce awon baya ya ɓaci, kuma dole Alhaji ya san dalili, in ba haka ba ba zai fasa ba. Ta ce ko an sake awo a bisa adaka, ramin nan shi ne ƙofar da iskar ke bi ta shigo, dutsen ba ya tare ta. In ina son ɗakin, sai an cike shi an shafe ƙasan da siminti, an fasa taga a bangon gabas.

Na ce, "Ramin da aka sani ai ya tashi daga rami."

Ta ce, "Haka ne, Inna. Ko ɗakin ko ramin. Ba ni da na uku."

Ni na gaya wa Ɗanlami da bakina, ban bar wa baƙuwa ba. Ranar Asabar ya zo da mota da masu cire kwano, na ce su jira a zaure, na shigo da shi na nuna mashi. Ya leƙa ramin.

Ya ce, "Inna, har ni?"

Na ce, "Har kai."

Ya ce, "Irin da kika ce daga Sabuwa?"

Na ce, "Daga ƙarƙashin gado."

Ya sallami masu kwano ya aika a kira Audu magini. Audu mutumin kirki ne amma bakinshi ba ya da murfi, kuma ko da yana da shi, buhun siminti ba ya shiga ɗakin tsohuwa gari bai tambaya ba. Kafin la'asar mata sun cika tsakar gida suna leƙe. Na fito da tuluna a gaban idon kowa, da murjanin uwata. Aka zuba tsakuwa da ƙasa, aka shafe, aka fasa taga aka sa mata ƙarfe. Da simintin ya bushe Malama ta dawo da na'urar, ta liƙe wutar da salatif, ta bar ta bisa adaka, ban taɓa ta ba ko da tsintsiya. Zanen ya fito ƙasa-ƙasa, ba ja ko ɗaya. Ta ce a riƙa barin tagar a buɗe, ɗakin ya kwanu. A ranar yara suka dawo suka cika mani gado.

Abin da ban lissafa ba shi ne ba ni kaɗai ce 'yar dajin Sabuwa a garin nan ba. Mu huɗu ne aka auro daga can a zamaninmu, kowa da raminta, kuma ba mu taɓa yin maganar ba ko tsakaninmu. Da nawa ya fito fili, maza suka fara tambayar uwayensu, samari suka mayar da abin wasa suna ƙwanƙwasa daɓe da sanda. Tabawa, ƙawata tun muna 'yan mata, wadda muka zo garin nan shekara ɗaya, ta same ni a bakin rijiya.

Ta ce, "Kande, naki ne kaɗai da za ki ba da shi?"

Na ce, "Ɗakina za a tone."

Ta ce, "Da kin bari an tone."

Da bazara ta zo mutanen daji suka sake shigowa. Wannan karon ba su tsaya yage katifa ba, gadaje suka riƙa ɗagawa. A ɗakina suka tarar da siminti, suka ɗauki tulunan da ke jingine a bango, da murjanin. A ɗakin Tabawa suka tarar da dutse suka ɗaga. Daminar nan gidanmu irin kasuwa ya shuka, Ɗanlami ya kawo. Gidan Tabawa ba su da Ɗanlami, rabin gonarsu ta kwana ba shuka, kafin kaka suka tashi suka bar garin.

Wannan shi ne abin da ya faru. Kwamfutar ba ta rikice ba, ni ma ban rikice ba. Na zaɓi ɗakina ido buɗe, kuma a cikinshi ake rubuta maku wannan.

Cikin waɗanda suka ga abin, Audu magini ya rasu, sauran 'yan Sabuwa biyun ma sun rasu. Ɗanlami yana nan, ya daina yi mani maganar gidan bulo. Lantana tana nan, ita ce da ma na yi niyyar nuna wa ramin in lokaci ya yi. Malama Hajara tana aiko da gaisuwa kowace salla. Tabawa tana nan da ranta a Faskari wurin ɗiyarta, idonta ya tafi. Sau biyu ina aika mata da goro ana dawo mani da shi. In ta riga ni, ku kai ni ta'aziyya ko a kan babur ne. In na riga ta, ku aika a gaya mata, ko ba za ta zo ba.